Ɗaukar Hoton Wasan Wuta a Bakin Tafkin Kainji

Mai hoto a Yelwan Yauri gwani ne da rana: tseren jirage a bikin Rigata, hawan Sallah, hada-hadar kasuwar kifi. Dare ne ke ba shi kunya. A harba wasan wuta a wajen biki, ya ɗaga waya ya danna, sai ya tashi da ɗigon fari a cikin baƙi.

Wayar ba ta da laifi. Kyamara kan buɗe idonta ta rufe cikin ƙiftawa, alhali tartsatsin yana buƙatar sakan da dama kafin ya tashi, ya fashe, ya zubo. Dabarar ita ce a bar idon a buɗe har hasken ya zana hanyarsa. A shiga sashen Pro na wayar, in tana da shi, a sa lokacin buɗewa tsakanin sakan 2 da 6, a sauke ISO zuwa 100. Mai babbar kyamara ya tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, ya saita gani da hannu kan abu mafi nisa. A kashe filasha, iyakarta ƙeyar wanda ke gabanka.

Sai babban sharaɗi: kada kyamarar ta motsa. Babu hannun da zai riƙe ta sakan 4 bai girgiza ba, komai jarumtar mai shi. In babu mazauni mai ƙafa uku, buhun shinkafa ko katanga ta wadatar. A sa ƙidayar sakan 2 don kada dannawa ta girgiza ta. Daga cikin kwale-kwale kuwa ɓata lokaci ne, ruwa ba ya tsayawa.

Mutanen yankin nan suna da abin da na Kano ba su da shi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shimfiɗu har gaɓar Wara ta Ngaski, kuma in iska ta kwanta yakan mayar da duk hasken da ke sama, hoto ɗaya ya fito da wuta biyu. A bar wa ruwan kashi ɗaya cikin uku na hoton. Ko ba biki, fitilun masunta a sakan 20 kan bar dogayen layuka a kan ruwa, haka walƙiyar damina in an fake cikin gini.

A tsaya ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙi da hazon hunturu na dushe launi. Mai harbawa kuma ya nisanci rufin ciyawa da jarkokin fetur na injin jirgi.