Lambar Wayarki Ita Ce Ƙofar Rumfarki

 Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ne wanda bai fi farcen yatsa girma ba, watau layin waya na sana'a.

A nan Kusada da wuya ki shiga gida ba ki tarar da mai sana'a ba. Wannan tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waccan tana dakan fura, wata kuwa ɗinkin hula. A da, matar kulle ba ta da hanyar kai kayanta ga mai saye sai ta ɗora wa 'yarta talla. Ni da na yi koyon aikin malanta na ga abin da talla ke jawowa, yarinya ta zo aji a makare, ta zauna tana gyangyaɗi. Amma tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 an sami sauƙi. Mai saye daga Kankiya ko Yashe sai ya bugo, a auna masa kwalba biyar, ɗan acaɓa ya zo ya karɓa, yarinya kuwa tana makaranta.

To, amma bari in ba ki labarin wata maƙwabciyata. Shekara uku tana sayar da man gyaɗa da layin da ƙanen mijinta ya yi wa rajista da sunansa. Yaro ya tafi ci-rani Kudu, ita kuwa wayarta ta ɓace a gidan biki. Da aka je neman a dawo da layin, aka ce sai mai sunan ya zo da kansa. Masu saye suka yi ta bugu har suka gaji, suka koma wajen wata. Kafin yaron ya komo da damina, ciniki ya watse. Gaskiyar Hausawa, zanen aro ba ya rufe katara.

Sabo da haka abu na farko, lalle layin ya zama da sunanki. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce sai an haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN. Ki yi shawara da maigida, ki je a yi miki taki, sa'an nan ki tafi wurin wakilin kamfani da kanki a ɗauki hotonki da yatsunki. Kada ki sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, don ba ki san abin da aka aikata da shi ba. 'Yar makarantar da ba ta kai shekara 18 ba, sai ta bari a yi da sunan mahaifiyarta, haka hukuma ta tsara.

Na biyu, kafin ki zaɓi MTN ko Airtel ko Glo, tambayi maƙwabta wanne ke kamawa har cikin ɗaki a unguwarku. Layin da sai an fita tsakar gida ana ɗaga hannu ba zai riƙe miki mai saye ba.

Na uku, ki raba shi da wayar gida. In yara suna wasa da ita, ko maigida ya fita da ita gona, daidai ya ke da kin rufe rumfa ran kasuwa. 'Yar ƙaramar waya mai maɓallai ta isa, ga ta da riƙe caji. Kuɗin kati da na caji ki sa su cikin lissafin sana'a, kamar kuɗin niƙa da na itace.

Na huɗu, kada ki bar shi ya mutu. In layi ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya rufe shi, daga baya kuma a sayar wa wani. Ko kin tafi wankan gida, ki riƙa sa masa kati kina kira.

Na biyar shi ne mafi nauyi, watau kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane da yawa suka saba biya ta waya. A asusu irin na OPay da PalmPay, lambar wayarki ce lambar asusunki in an cire sifilin farko. Kin ga ashe layin nan asusu ne. Lambar sirrinki kada ki faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki ya ke, domin banki ba ya tambayarta. In mai saye ya ce ya turo, duba cikin asusunki ki ga kuɗin kafin ki saki kaya, don akwai saƙon ƙarya. In kamfanin waya ya ƙi sauraron kukanki, hukumar NCC tana da lamba 622, kyauta ce.

Da layi ya samu, sai a sanar da shi. Ki sa a rubuta lambobin nan goma sha ɗaya da kyau a ɗan takarda a manna jikin kowace kwalba, a kuma rubuta a bangon zaure in maigida ya yarda. In an kira, ki amsa sallama, ki faɗi kuɗin kaya a fili, ki cika alkawarin lokaci. Wanda ya bugo don zancen banza, ki kashe, kada ki tsaya musu da shi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku sami littafi ɗaya ku rubuta wa iyayenku sunan kowane mai saye da lambarsa da bashin da ke kansa. Ko waya ta ɓace, littafi yana nan cikin adaka. Wannan ya fi muku ɗaukar faranti cikin rana.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya tsare mu da hasara. Sai mako mai zuwa.