Hankalina Ya Rabu Biyu: Yaya Bature Yake Faɗa, Yaya Mutumin Cek Yake Faɗa?

Shirin yau wani ƙanina ɗan Gwiwa ne ya jawo shi. Yaron ya duƙufa koyon harshen Cek, don ya ji cewa jami'o'in gwamnati a Jamhuriyar Cek ba sa karɓar kuɗin makaranta daga wanda zai yi karatunsa da harshen ƙasar. Ya turo min saƙo yana cewa, "Yaya, na ci karo da kalmomi biyu masu kama da juna, ɗaya tana nufin mai rafkana, ɗaya tana nufin ɓaraka tsakanin mutane. Me ya haɗa su?" Na ce masa ai abin da ya haɗa su yana nan cikin bakinka na Hausa, ba ka lura ba ne.

Amma bari in fara da abin da ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya ina aiki a wani ofis a Kazaure, aka aike ni Roni da wasu takardu. Ranar mahaifiyata tana kwance ba lafiya, ina cikin mota amma tunanina yana gida. Na sauka na bar jakar a kujera. Da aka ce in yi bayani a rubuce, sai na rubuta "I was careless". Wallahi a zatona na ce "na sha'afa". Ashe da hannuna na rubuta cewa ni mai sakaci ne, wanda bai damu da amanar da aka ba shi ba. Takardar gargaɗi aka ba ni, kuma ba zan ga laifin kowa ba, tunda ni na ba da shaida a kaina.

To, ga yadda kalmomin suke. Forgetful shi ne mai mantuwa, abu ya shiga kansa ya fita. Absent-minded shi ne wanda jikinsa yana nan, hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma yawanci hali ne, kamar malamin da ke neman tabaransa alhali yana kan goshinsa. Careless sakaci ne, akwai zargi a ciki. Negligent ya fi shi nauyi, don shi har kotu ana amfani da shi. Kalmar da ta dace da ni ranar ita ce distracted, wato wani abu ne ya janye min hankali.

Kuma a nan abin yake da daɗi. Distracted daga Latin ta fito: dis yana nuna warewa, trahere kuma ja ne. Daga wannan tushen aka samo sunan tarakta, mai jan garma a gona. Kenan mutumin da yake distracted, an ja hankalinsa ta nan, an ja ta can, har ya rabu. Me Bahaushe yake cewa? Hankalina ya rabu biyu.

Su ma Cekawa haka. Kalmar da ƙanina ya gani ita ce roztržitý, mai rafkana. Kar ku tambaye ni yadda ake furta ta, akwai baƙaƙe huɗu a jere ba wasali ko ɗaya, harshena ya kusa karyewa. Roz a farkon kalma yana nuna warwatsewa, sauran kuma daga aikatau ne mai nufin yagewa. Ɗayar kalmar, roztržka, ita ce ɓaraka ko saɓani tsakanin abokai ko 'yan siyasa. Tushe ɗaya ne: a ta farko hankali ne ya yage, a ta biyu zumunci.

Wannan roz ɗin yana ta yawo a kalmominsu na rabuwa. Rozchod shi ne rabuwar saurayi da budurwa, abin da Bature yake kira breakup. Rozvod mutuwar aure ce, divorce. Rozdělení kuma raba abu kashi-kashi, kuma da ita suke kiran abin da ya faru ranar 1 ga Janairun 1993, lokacin da Cekoslobakiya ta zama ƙasashe biyu, Cek da Sulobakiya, ba tare da yaƙi ba. Turawa sun yi wa abin laƙabi da Velvet Divorce, wato saki mai laushi kamar karan-miski.

Mu ma mun san irin wannan. Ranar 27 ga Agustan 1991, zamanin Babangida, aka cire Jigawa daga Kano. Amma wannan ba divorce ba ne, jaridun Turanci carved out suke cewa, wato an yanko. Kuma ni dai a ganina rabuwar ta takarda ce kawai, don har gobe da yawanmu 'yan Kazaure ta Kano muke bi in za mu Dutse. Mutanen Babura kuwa, da iyakar Nijar ta raba wasunsu da dangi, su suka fi kowa sanin ma'anar separation.

Yanzu ku kasa kunne, musamman masu cike fom na neman aiki, tallafin karatu ko biza. A gurbin aure za ku ga single, married, separated, divorced, widowed. Mu a Hausa "mun rabu" tana ɗauke komai, shi ya sa wasu suke dangwala separated alhali saki ne ya auku. Separated tana nufin igiyar aure tana nan, zama tare ne babu. Ta fi kusa da doguwar yaji, ko da yake ba daidai suke ba. In an yi saki, idda ta cika, divorced ce. In kika zaɓi separated, 'yar'uwa, kin shaida musu cewa har yanzu ke matar aure ce, kuma za su iya neman bayanan mijin da ba ki da shi. Bazawara ma kalma ɗaya ce a wajenmu, amma a fom sai an bambanta wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu, ita ce widowed.

Abu ɗaya da ban samu kamarsa a Turanci ba shi ne rabo. Daga raba ya fito, amma yana nufin kasonka, yana nufin abin da Allah ya ƙaddara maka, sannan sai ka ji mutum ya ce "rabona da Roni tun sallar bara". Na tambayi ƙanina ya duba min ko Cekawa suna da kalma guda da ta haɗa waɗannan ukun. Ya ce zai duba. Sati biyu kenan shiru, da na kira shi jiya sai ya ce, "Yaya, wallahi na sha'afa."

Sai mun haɗu a shiri na gaba.