Dabarun Matafiyan Doma Na Rage Kuɗin Mota

Duk mutumin Doma, garin Andoma, da ya yi niyyar zuwa Kano ko Kaduna, galibi sai ya fara biyan kuɗin zuwa Lafiya tukuna, domin a can ne babbar hanyar da ta taso daga Makurɗi ta nufi Akwanga ta ratsa. Watau tun tafiya ba ta yi nisa ba an riga an taɓa guzuri.

A da jirgin ƙasa ne gatan talaka. Tun 1927 dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Lafiya da Kafancan ya sadu da na Kaduna, mutum ya shiga da buhunsa da kajinsa a kan kuɗi kaɗan, in ya so ya kwana biyu a hanya. Jirgin ya daina zuwa, har ma a 2021 'yan sanda suka kama manyan motoci maƙare da ƙarafan dogon da aka kwance a Jihar Nasarawa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, a 2025 kuma aka soma karɓar kuɗin hanya tsakanin Kefi da Makurɗi, wanda a ƙarshe daga aljihun fasinja yake fita.

To, sai dabara. Waɗansu ba su shiga tasha sam. Su kan tsaya a bakin titi su tare motar da ta fito da gurbi, su yi ciniki da direba ba ruwan ɗan kamasho. Akwai rangwame, amma ba wanda ya rubuta sunan mutum ko lambar motar, in ta ɓaci ba inda dangi za su nufa da cigiya.

Mafi araha duka ita ce lori. Da kaka, idan fatake suka yi lodin doya da riɗi za su Arewa, matafiyi ya kan ga yaron mota a gefe, ya miƙa abin da ya sawwaƙa, ya haye saman kaya. Nan zai sha rana da ƙura, da dare kuma hunturu ya hana shi runtsawa, hannu riƙe da igiyar lodi. Jami'an kiyaye haɗura sun sha hana wannan hawa, amma ɗan ci-rani mai komawa gida da ɗan abin da ya tara a gonakin shinkafa na Rukubi ya kan sauka kafin shingensu, ya taka da ƙafa, ya sake hawa a gaba.