Me Ya Kai Sukari Cikin Maganin Kwalara?

Mai kwalara ƙishirwa ce ke kashe shi, ko da randa na cike a gefensa. Idanu su zurma, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse. In ka tsunkuli fatar cikinsa ka saki, sai ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Gudawar kuwa fari-fari ce, kalar ruwan wankin shinkafa, kuma a jikin babban mutum tana iya kai lita guda a awa ɗaya. Wanda ya je kasuwa da ƙafarsa da hantsi, ana iya yi masa sutura kafin gari ya waye.

Kowa zai ce a ba shi ruwa. An sha gwadawa. Ruwa zalla bai mayar da gishirin da ya zube ba. Da aka sa gishiri a ruwan, sai ya bi hanji ya fice yadda ya shiga, gudawar ma ta ƙaru. Amma da aka ƙara ɗan sukari a kan gishirin, sai mutane suka fara tashi. Da yawanmu mun ɗauka sukarin nan don ɗanɗano ne, ko don ya ba majinyaci ƙarfi. Alhali sukari ba ya kashe ƙwayar cutar, ba ya kuma tsayar da gudawa. To mene ne aikinsa?

Bakin zaren ya fara bayyana a 1831, lokacin da annobar ta shiga Birtaniya. Wani matashin likita, William O'Shaughnessy, ya binciki jinin majinyata ya tarar ya yi kauri, ruwa da gishirin cikinsa sun ragu ƙwarai. A 1832 Thomas Latta, likita a garin Leith na Sikotland, ya ɗura wa wata tsohuwa da ke bakin mutuwa ruwan gishiri ta jijiya. Cikin ɗan lokaci numfashinta ya daidaita, ta buɗe baki ta yi magana. Bayan ya tafi gudawar ta dawo, ta rasu. Duk da haka an gane abu ɗaya: abin da ke zubewa ruwa ne da gishiri, kuma in aka mayar da su cikin jini, rai na iya dawowa. Nan ne asalin ƙarin ruwa da muka sani a asibiti.

Me ya sa ba ya yiwuwa ta baki? Amsar da likitoci suka riƙe fiye da shekara ɗari ita ce kwalara tana saluɓe bangon hanji. Sun ga ɓarɓashi fari a cikin gudawar, sun ga hanjin gawa a ɗaye, suka ce shi ke nan, hanji ya lalace, ba zai sha komai ba. Wannan fahimta ta ci rayuka masu yawa, domin ƙarin ruwa yana buƙatar ruwa tsaftatacce na musamman, da allura, da gwanin da zai nemo jijiya a hannun da ya bushe. Kwalara kuwa ba ta cika sauka inda ake da waɗannan ba.

Mutum biyu suka rushe wannan fahimta. Na farko Sambhu Nath De ne, a Kalkata ta Indiya. Ya ɗaure wani yanki na ƙaramin hanjin zomo ta gaba da ta baya, ya zuba masa ruwan da aka raini ƙwayar kwalara a ciki, bayan ya tace ƙwayoyin kaf. Yankin ya kumbura tim da ruwa irin na gudawar kwalara. Ashe ba sai ƙwayar ta ci hanji ba, dafi take fitarwa, kamar yadda masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch ya yi zato tun 1884. De ya wallafa wannan a 1959. Shekara guda bayan haka, Eugene Gangarosa da abokan aikinsa suka ciro 'yan mitsi-mitsin yanki daga hanjin masu kwalara da ransu a Bankok, suka duba a madubin likita. Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe bangon hanjin suna nan jere, lafiya lau. Ɗayewar da ake gani a gawa bayan mutuwa take faruwa.

Sai lamarin ya ƙara ɗaure kai. Bango lafiyayye, amma ruwa na kwarara ta cikinsa zuwa waje. Ba a iya warware wannan sai an san yadda ruwa yake ratsa ƙwayar halitta tun asali.

Ƙwayar halitta ba ta da famfon tura ruwa. Ruwa da kansa yake tafiya, kuma kullum yana nufar ɓangaren da narkakkun abubuwa suka fi yawa. Yanka tumatir, ka barbaɗa masa gishiri, ka koma bayan minti goma: za ka tarar ya yi jiɓi, ruwa ya taru a faranti. Gishirin da ke waje ne ya jawo ruwan da ke cikin ƙwayoyinsa. Saboda haka duk inda jiki yake so ruwa ya je, gishiri yake fara kaiwa can, ruwa ya biyo baya.

Shi kuma gishiri, da ya narke sai ya rabu biyu, sodiyom da kuloraid, kowanne ɗauke da cajin lantarki. Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta na maiƙo ne, siriri ƙwarai, sai an jera fiye da dubu goma kafin su kai kaurin takarda, amma abu mai caji ba ya iya ratsa shi. Dole sai ta ƙofofin furotin da ke dashe a jikinsa, kowace da abin da take bari ya wuce. A 1957 Jens Skou, a Denmak, ya gano mafi muhimmancinsu a jijiyar ƙafar ƙaguwa: famfo ne mai cin kuzari, yana fitar da sodiyom uku, ya shigo da fotasiyom biyu, dare da rana. A ƙwayoyin hanji, famfon yana ɓangaren da ke kallon jini. Yana ta kwashe sodiyom daga cikin ƙwayar yana turawa jini, don haka cikin ƙwayar kullum a ƙarance yake, duk sodiyom ɗin da ke cikin hanji kuma ƙofar shiga kawai yake nema. Da wannan dabara hanjinmu yake tsotse lita takwas zuwa tara a kowace rana, abin da muka sha da miyau da ruwan ciki da na matsarmama, ya bar abin da bai kai kofi guda ba ya fita.

Abin da dafin kwalara yake yi, wanda aka fayyace daga baya a shekarun 1970, shi ne ya shiga cikin ƙwayar ya danne wani makunni ya hana shi kashewa. Ƙofar kuloraid ta wangame zuwa cikin hanji, sodiyom ya bi, ruwa ya biyo su. A lokaci guda ƙofar da sodiyom ya saba shiga ta rufe. Shi ya sa ruwan gishiri zalla bai yi ba. Gishirin ya isa hanji, ya tarar da ƙofarsa a kulle, ya tsaya a nan riƙe da ruwansa har ya fita.

Sauran amsar ta fito daga hannun mutumin da ba kwalara ce a gabansa ba. Robert Crane, masanin sinadaran jiki a Amurka, abin da ya dame shi shi ne yadda hanji ke kwashe gulukos, wato wani nau'in sukari, tas daga abinci, ko da wanda ke cikin ƙwayar ya fi na waje yawa. Wannan hawan tudu ne, daga ina ƙarfin yake zuwa? An riga an lura a 1958 cewa in babu sodiyom, hanji ba ya ɗaukar gulukos. A watan Agustan 1960, a wani taro a birnin Firag, Crane ya zana amsarsa: akwai furotin ɗaya da ke ɗaukar su biyun tare. Kamar motar tasha take, ba ta tashi sai kujerunta sun cika. Sodiyom ya zauna, gulukos ya zauna, sannan ta juya ta sauke su a ciki. Matsuwar da sodiyom ya yi ya shiga ita ce ke jan gulukos. Daga baya aka tabbatar sodiyom biyu ne ga gulukos ɗaya, aka kuma sa wa furotin ɗin suna SGLT1.

Crane ta fuskar sukari ya kalli abin. In aka juya shi, magana ta zama wata: in ka ba hanji gulukos, ka buɗe wa sodiyom ƙofa ta biyu. Tambayar da ta rage ɗaya ce, ko dafin kwalara ya taɓa wannan ƙofar?

A 1962 a Manila, Robert Phillips, likitan sojan ruwan Amurka, ya ba masu kwalara ruwan gishiri mai gulukos, ya ga sodiyom ya fara shiga jiki. Aka faɗaɗa gwajin zuwa mutum 30, biyar suka mutu. Haɗin ya yi kauri da yawa, ga shi ana yi musu ƙarin ruwa ta jijiya a lokaci guda, ruwa ya cika musu huhu. Phillips ya ja da baya, kuma ban ga laifin wanda ya ga gawa biyar ya tsorata ba. Sai dai kuskuren na awo ne, tunanin daidai yake. A Daka, David Sachar ya auna cajin lantarki a hanjin masu kwalara, ya ga yana ɗagawa da zarar an zuba gulukos, alamar ƙofar tana aiki. Norbert Hirschhorn a Daka da Nathaniel Pierce a Kalkata suka nuna ruwa na komawa jiki. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka ba majinyata haɗin su sha daidai gwargwadon abin da suke zubarwa, buƙatar ƙarin ruwa ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Babbar jarrabawa ta zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh. Miliyoyin mutane suka gudu Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanoni da damina. A Bangaon, ƙarin ruwa ya ƙare a hannun likita Dilip Mahalanabis da 'yan ma'aikatansa. Sai ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos da bakin-soda a durom, 'yan uwan majinyata suna ɗiba da kofi suna ba nasu. Cikin mutum fiye da 3,000 da aka kula da su, mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6. Wannan ne ya fi burge ni a labarin duka: abin da aka gano a tantanin da ido ba ya gani, uwa mai kofi a hannu ce ta tabbatar da shi. A 1980 gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a shekara. Yau adadin ya sauko zuwa wajen rabin miliyan.

Kwalara ta dawo Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yau ba ta bar mu ba. A 2021 kaɗai ta kashe fiye da mutum 3,600 a Najeriya, akasari a Arewa. Don haka awon nan ya shafe mu kai tsaye, kuma dokar da ta sa maganin ke aiki ita ce ke sa ya cutar in an yi ganganci. In sukari ya fi abin da ƙofar za ta iya ɗauka, ragowar ya zauna a hanji ya jawo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. In gishiri ya yi yawa kuwa, yana iya sa yaro jijjiga. Ƙunshin ORS na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka rage wa kauri a 2002, yana da gram 13.5 na gulukos da gram 2.6 na gishiri, da fotasiyom da sitiret, kuma lita guda cif ake zuba masa. In babu shi, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, a lita guda ta ruwa mai tsafta. Sukarin gida yana yi, domin hanji yana raba shi ya fitar da gulukos.

Akwai uwayen da kan daina bayarwa su ce maganin bai karɓi yaron ba, tunda gudawar ba ta tsaya ba. Ba aikinsa ba ne tsayar da ita. Ƙofar kuloraid tana nan a buɗe har sai ƙwayoyin da dafin ya shiga sun zube sababbi sun maye gurbinsu, wanda kan ɗauki kwana uku zuwa biyar. A tsawon kwanakin nan, abin da ake nema shi ne ruwan da ke shiga ta ƙofar sukari ya fi wanda ke fita. In yaro ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba da cokali-cokali. In ya kasa sha, ko ya galabaita ba ya gane mutane, wannan ya wuce kofi, sai asibiti da ƙarin ruwa.