Masu Wayar Iska Sun Koma Zangon Da Aka Kore Su

Duk mai akwatin rediyo ya saba jin ana cewa a nemi tasha kaza a kan mita 49 ko mita 31 a gajeren zango. Amma ba kowa ya san cewa akwai waɗansu gurabe da aka keɓe wa mutanen da ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne, watau masu sha'awar wayar iska. Ko wannensu yana da lasin gwamnati da lambar kira tasa. Ta mutumin Nijeriya da 5N take farawa, ta Nijar 5U, ta Gana kuwa 9G. Ba a yarda su yi talla ko su karɓi kuɗi ba. Abin da suke nema shi ne su kira wani a wata ƙasa ya amsa, su gaya wa juna ƙarfin sauti, sa'an nan kowa ya aika wa ɗan'uwansa katin shaida.

Yawancinsu a gajeren zango suke. Amma akwai waɗanda suka zaɓi wuri mafi wuya, watau mita 160 da mita 630 a matsakaicin zango, da mita 2,200 a dogon zango. Dalilin haka yana da tarihi.

Tun da Markoni ya ji saƙon da aka bugo masa daga Ingila yana tsibirin Niyufanlan ran 12 ga Disamba, 1901, masana suka ɗauka cewa zango mai tsawo ne kaɗai ke cin nisa. Da jirgin ruwan Titanik ya nutse cikin Afrilu, 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka, sai Amurka ta yi doka ta bar wa jiragen ruwa da hukuma zangunan masu tsawo, ta kora masu sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya gaza haka, a kan cewa can ba shi da amfani. Ashe gaba ta kai su. Cikin Nuwamba, 1923, wani Bafaranshe, Leon Deloy, yana birnin Nis, ya yi musayar saƙo da Amurkawa biyu a wajen mita 110. Daga nan duniya ta gane darajar gajeren zango.

Mita 600 kuwa ta zama ta neman agaji a teku. Sau biyu ko wace sa'a, masu wayar jirage sukan yi tsit na minti uku don a saurari mai neman ceto. Sai a 1999 tsarin taurarin ɗan Adam ya karɓi wannan aiki. A 2007 taron sadarwa na duniya a Janeba ya amince wa masu sha'awa da mita 2,200, a 2012 kuma ya ƙara musu mita 630. Amma fa sai hukumar ko wace ƙasa ta yarda kafin mutanenta su shiga.

Gurbin ba shi da faɗi. Na mita 630 daga kilohaz 472 ne zuwa 479, bai kai abin da tasha guda ta matsakaicin zango take ci ba, saboda haka ba a cika hira da baki ba, sai buga harufa irin na tangaraho. Ƙarfin da aka yarda ya fita daga eriya wat ɗaya ne tak, ko biyar a waɗansu ƙasashe a kan mita 630.

To, matsala ta farko ita ce eriya. Ka'ida ita ce tsawonta ya kai rubu'in zangon. A mita 630 wannan ya kusan kai tsawon benen NECOM na Ikko, a mita 2,200 kuwa ya fi rabin kilomita. Wa ke da wannan a bayan gida? Sai mutum ya kafa waya mai mita goma ko ashirin, ya cike gibin da naɗin wayar tagulla, sau da yawa a jikin bokitin roba, ya kuma binne waɗansu wayoyi a ƙasa. Duk da haka, a mita 2,200 abin da ke fita ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka zuba. Sauran zafi yake zama.

Ta biyu ita ce rana. Da hantsi hasken rana yakan ta da wani shimfiɗi a sama, wajen kilomita 60 zuwa 90, wanda ke shanye saƙon matsakaicin zango. Da magariba sai ya watse, saƙo ya wuce sama ya dawo ƙasa can nesa. Shi ya sa mai sauraro a Ikko ko Fatakwal yakan kama tashoshin nesa da dare, da safe ya neme su ya rasa. Masu wannan aiki 'yan dare ne.

Ta uku ita ce hayaniya. Ko wace walƙiya tana barin ƙara a waɗannan zanguna, ƙasashenmu kuwa da damina ba su rabo da tsawa.

Maganin duk wannan shi ne haƙuri. Akan ja ɗigo guda na tangaraho har daƙiƙa uku, wani lokaci minti guda, kwamfuta ta zana shi a allo ko da kunne bai ji kome ba. Lambar kira kaɗai tana iya cin rabin sa'a. A 2008 Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyya a 1993, ya fito da wani tsari da ke aika gajeren saƙo cikin minti biyu, ya kuma tono shi daga ƙarƙashin hayaniya. Da irin waɗannan dabaru saƙon masu sha'awa ya sha ƙetare tekun Atalantika.

Sai dai akwai abin damuwa. Tsawa tana wucewa, amma ƙarar cajar waya mai araha, da injin janareto, da na'urar juya wutar batir, ba dare ba rana. Cikin manyan birane takan rufe saƙon da ya yi tafiyar dubban kilomita. Shekara ɗari aka jira kafin a sami mita 630. In ba a sa ido a kan ingancin kayan lantarkin da ke shigowa kasuwanni ba, za a wayi gari ga zango, ga lasin, amma ba mai jin wani.