Ko Kun Sani?

Idan direba ya danne totur zai wuce tirela a hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ta Dutsin-Ma zuwa Safana, mota otomatik kan sauko da giya da kanta don ta samu ƙarfi. In ta yi nauyin jiki kafin ta amsa, akwai haɗari, musamman a siririn titi.

In haka ta faru, a fara da duba man giya. Zaro sandar awo, ka shafa a farin ƙyalle: mai lafiya galibi ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙaurin ƙuna, ko ya gaza layi, ga mai laifin. Tsofaffin motoci kuwa, wata waya ce ke haɗa totur da giyabos, kuma takan saki. Sababbi na'ura ce ke faɗa wa kwamfutar mota iya yadda aka taka totur. Haka kuma, ƙurar hunturu da ta toshe matatar iska kan kashe wa inji kuzari.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da kafar jona na'urar bincike ƙarƙashin sitiyari. Kada ka yarda a sauke giyabos kafin bakanike ya jona ta.