Waswasin Cuta: Jiki Lafiya Lau, Zuciya na Hango Makara

Akwai mutanen da likita ya duba ya ce lafiyarsu ƙalau, amma da sun kwanta sai su ga kansu a gadon wankin ƙoda, ko su hango makararsu a ƙofar gida, 'ya'yansu na tsugune ana karɓar gaisuwa. Ido biyu abin yake faɗo musu, ba da son ransu ba. A 2010 masu bincike a Oxford ta Ingila sun tattauna da mutum 55 masu tsananin fargabar cuta, kusan kashi 78 cikin ɗari suka ce irin waɗannan hotuna suna yawan dawo musu, kuma galibinsu na da nasaba da abin da mutum ya taɓa gani. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa har ya rasu, ko ya shaida sanƙarau na 1996, ko mace-macen da suka girgiza Kano a Afrilun 2020, ba zai rasa inda zuciyarsa za ta ɗebo hoto ba.

Zuwan tunanin ba shi ne matsalar ba. Tun 1978 masu bincike Rachman da de Silva suka nuna cewa kusan takwas cikin goma na masu lafiya ma mugun tunani kan faɗo musu, sai dai su tsaki suke yi su wuce. Mai fargabar cuta kuwa ɗaukarsa yake ishara: tunda na gani, akwai wani abu. Sai ya shiga kokawa da shi, alhali gwajin da Daniel Wegner ya yi a Amurka a 1987 ya nuna cewa tunanin da aka danne da ƙarfi yakan dawo fiye da da. Daga nan sai dube-dube. Magidanci ya baro rumfarsa a kasuwar hatsi ta Dawanau ya je kyamis a auna masa jini, gobe ya koma. Mace ta yi ta latsa mamanta tana neman ƙulluto har wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya zama sabuwar hujja. Kowane awo kan kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma yana koya wa zuciya cewa ba a zauna lafiya ba sai an sake dubawa.

Wani zai ce a karkarar Dawakin Tofa abin da ke kashe mutane shi ne jinkirin zuwa asibiti, ya za a ce a rage dubawa? Maganarsa na kan hanya. Ƙulluto, rama, jini a fitsari ko tarin da ya ƙi ƙarewa duk na likita ne, kuma da wuri. Amma idan an yi awo an samu amsa, a tsayar da likita ɗaya, a yanke ranar komawa, a daina yawo da takardun gwaji daga wannan asibiti zuwa wancan. Malamanmu ma sun san wannan hanya: Risala ta umarci wanda shakka ta aure shi a salla da ya kau da kai daga gare ta, domin biye mata ƙara ta yake yi. Wannan kuma ya isa amsa ga masu cewa raunin imani ne, tunda masu yawan ibada ma waswasi bai bar su ba.

Maganin da bincike ya fi tabbatarwa na zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya wa mutum barin hoton ya zo ya tafi ba tare da ya taɓa jikinsa ko ya tambayi kowa ba, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, sai dai sunansa kaɗai kan sa mutum ya gwammace ya sayar da buhun gero ya sake hoton ciki.